Cikin da aka ce ya kwanta

Shekara uku ina ɗauke da abin da duk gidanmu ke kira ciki, ni ma haka nake kiran shi. Sai ranar da wata likita a nan Tawa ta shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi a mara, ta ɗora kan na'ura, ta juyo da allon wajena ta ce, "Madam, duba da idonki," sannan na san babu ɗa a ciki, kuma tun farko ma babu shi.

Ni malamar makarantar firamare ce. Allah ya ba ni ɗiya ɗaya a shekarar farko ta aurena, daga ita sai shiru. Tana da shekara tara lokacin da al'adata ta fara sauyawa. Da kwana biyar nake yi, sai ta koma takwas, ta koma goma sha biyu, jini na zuba da gudaji kamar hanta. Ana cikin haka wani wata ya wuce ban gani ba, na kuma ji marata ta yi tauri. Murnar da na yi Allah kaɗai ya san ta. Ban ma iya riƙe maganar ba, na faɗa wa maigida, na faɗa wa Inna. Bayan kwana ashirin jini ya ɓalle.

Da ya tsaya, Inna ta zo ta taɓa marata, ta ji taurin yana nan. Ta ce, "Auta, kwantar da hankalinki. Cikin ga bai zube ba, kwanciya ya yi." Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san maganar nan. Idan mace ta ga jini bayan ta sa ran ciki, kuma marar ba ta saɓe ba, sai a ce ya kwanta, wai zai iya shekara biyu ko uku yana barci kafin ya tashi. Aka shiga nema mini abin tayar da shi. Na sha rubutu, na sha jiƙo, surukata ta aiko da saiwoyi daga ƙauye, Inna ta ɗaura mini laya a ƙugu. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu, da abin da suka sani suka taimake ni, kuma don so suka yi.

Abin da ya ƙara ɗaure maganar shi ne komai nawa ya yi kama da na mai ciki. Marar tana ƙara tasowa a hankali. Fitsari bini-bini, cikin dare sai in tashi sau huɗu. Bayan gida sai da wahala. Ga kasala, ga jiri. Sai kuma kwaɗayin abin da ba abinci ba: in sayi ƙanƙara in zauna ina taunawa, in riƙa jin ƙamshin ƙasa yana kira na, har allin da nake rubutu da shi a aji nakan gutsura idan yara sun fita. Mata suka ce ai kwaɗayin masu ciki ne. Daga baya ne na ji cewa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ke sa mutum haka.

Har wajen malamarmu ta Islamiyya na je saboda salla, don kwanakin da nake cikin jini sun fi waɗanda nake da tsarki. Ta bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya mai al'ada takan ƙara kwana uku a kan kwanakinta, muddin ba a wuce goma sha biyar ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, sai in yi wanka in yi salla. Na samu hukuncin jinin, amma dalilinsa ban nema ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce tsoro nake ji. Asibiti ba shi da nisa da gidanmu, kuma na san akwai na'urar da ke duba ciki. Muddin ban je ba, ina da ɗa a ciki ko da yana barci. Idan na je, ana iya ƙwace mini shi da kalma ɗaya.

A cikin zafin watan Afrilu na faɗi a gaban allo. Na farka a asibiti ana ƙara mini ruwa. Aka auna jinina aka ce awon ya nuna 7, alhali na mace lafiyayya daga 12 yake farawa. Ungozomar da ta duba ni ta ce mahaifata ta kai girman ta mai cikin wata biyar, amma gwajin fitsari bai nuna ciki ba, kuma ta saurara ba ta ji bugun zuciyar ɗa ba. Ta rubuta mini takardar eko, wato hoton cikin mutum da ake ɗauka da na'ura.

Ranar ekon aka ce in sha ruwa kamar lita ɗaya tun saura awa guda, kar in yi fitsari. Ga mai ciwo irin nawa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na tambayi likitar dalili, ta ce na'urar da sauti take aiki, wani sauti mai tsananin siranta da kunne ba ya ji. Tana tura shi cikin jiki, ya bugi abin da ke ciki ya dawo kamar yadda murya ke dawowa idan ka yi kira cikin rijiya, daga abin da ya dawo ne take haɗa hoto. Sautin yana ratsa ruwa da sauƙi, iska kuwa tana tare shi. Idan mafitsara ta cika sai ta ture hanji gefe, ta zama kamar taga da ake leƙa mahaifa ta cikinta. Ta ce babu wani haske mai cutarwa a ciki, shi ya sa ake duba masu ciki da shi ko sau nawa ne.

Na taɓa ganin ekon masu ciki, na san yadda ƙaramin kai da ƙashin baya suke fitowa. Ni a nawa allon wasu dunƙule-dunƙulen inuwoyi na gani, kamar an jera goruba cikin hazo. Likitar tana danna wani abu tana jan layi daga gefe zuwa gefe tana kiran lamba: santimita 9, santimita 5, santimita 3. Mahaifar ita kanta, in ji ta, tsawonta a ƙa'ida bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. Ta kunna wani abu sai launin ja da shuɗi suka bayyana suna kewaye babban, ta ce hanyoyin jinin da ke ciyar da shi ke nan. Daga nan ta ce in je in yi fitsari in dawo, za ta sake dubawa ta gaba da wani siririn kai da ake sa wa riga ta roba. Na ji nauyin abin ƙwarai, na yi shiru. Ta ce, "Madam, ni mace ce kamarki, kuma ƙofa a rufe take. Ta nan ne nake kusa da mahaifar, abin da ya ɓoye mini ta sama ta nan zan gan shi." Bai yi zafin da na zata ba. Ina faɗin wannan ne don na san mata da yawa a nan suke juyawa su koma gida.

Da muka gama ta zaunar da ni, ta ɗauki takarda ta zana mahaifa. Ta ce mahaifa jaka ce ta tsoka, kuma daga tsokar bangonta ne wani ƙari kan tsiro ya dunƙule ya yi tauri, shi ne likitoci ke kira fibrom. Wani yakan zauna tsakiyar bangon, wani ya turo waje har ya yi wuya kamar ƙwarya a jikin yaɗo, wani kuma ya turo cikin ɗakin mahaifar, inda ɗa ke kwanciya. Ta ce wannan na ƙarshen ko ƙarami ne ya fi kowanne zubar da jini da hana ciki zama. Sinadaran jikin mace masu tafiyar da al'ada su ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, ya motse bayan al'ada ta ɗauke. Ta ce ba sammu ba ne, ba kuma wani abu na yi ya jawo shi ba, kuma ya fi yawa a jikin mata baƙar fata. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2003 ya gano cewa kafin shekara 50, sama da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun samu shi, fararen kuwa kusan kashi 70. Yawancinsu ba su ma san suna da shi ba, don bai dame su ba.

Na ji duk bayanin, amma sai da na fito na zauna gindin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin sannan kuka ya zo. Na yi kukan ɗan da ban taɓa ɗauka ba kamar wadda ta binne shi. Na riga na zaɓa masa suna.

A gida maigida ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhamdu lillahi da aka gani. Ciwon da aka san sunansa an samu rabin maganinsa." Inna ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Surukata kuwa cewa ta yi, "Wane ƙarfe ne zai ga cikin da ya kwanta? Ku dai bi a hankali kar a yanke muku rabo." Maganar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki, don wani ɓangare na zuciyata yana son ta zama gaskiya.

Likitar ta ce aiki za a yi, amma tun da ina son a bar mini mahaifata, ekon kaɗai bai isa ba. Idan mahaifa ta yi girma haka kuma ƙarin ya yi yawa, babban yakan yi wa na bayansa inuwa, sautin ba ya kai wa gare su. Mai aikin kuwa yana buƙatar sanin adadinsu da mazaunin kowanne kafin ya sa wuƙa. Ta ce sai Yamai. Aka ƙara mini jini leda biyu, aka ɗora ni kan maganin ƙarin jini na wata biyu, sannan muka kama hanya. Tafiyar kilomita kusan 550 ce. Mun bar Tawa kafin asuba, muka bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ina zaune kan zane ninki huɗu, duk inda mota ta tsaya sai na duba bayana kafin in miƙe. A unguwar Bukoki muka sauka, gidan Yayata.

A asibitin haihuwa na Issaka Gazobi na ga likitan mata. Layin da na tarar ya buɗe mini ido. Akwai wata baiwar Allah da ta zo daga wajen Tilaberi, cikinta kamar na wata tara, shekara goma tana jiran ya tashi. Zabarmancina kaɗan ne, Hausarta ita ma kaɗan, amma mun fahimci juna sarai. Akwai kuma wata dattijuwa da ta fito tana murmushi, an ce mata nata ƙanana ne, ba sa damun ta, ga shi ta kusa daina al'ada, a bar su kawai a riƙa dubawa. A nan na gane ba kowane fibrom ne ake yanka ba.

Likitan ya rubuta mini hoto iri biyu. Maigida ya tambaye shi, "Dokta, ba sikanar za a yi ba? Na ji an ce ita ke nuna komai." Ya ce sikanar da hasken radiyo take aiki, wato irin hasken da ake ɗaukar hoton karaya da shi, ta ƙware wajen ƙashi da huhu da kai, amma a wajenta naman mahaifa da naman fibrom kusan launi ɗaya ne, kashe kuɗi ne kawai a wannan ciwon.

Na farkon shi ne hoton ɗakin mahaifa da hanyoyin ƙwai. Ba a yin shi sai jini ya ɗauke, kuma kafin tsakiyar wata, don kar a yi shi kan sabon ciki. Ni da jinina ba ya jin magana, sai da muka jira kwana goma sha ɗaya. Ana zura siririn bututu ta bakin mahaifa, a tura wani ruwa da ke fitowa fari a hoton radiyo, a riƙa ɗauka yana cika ɗakin yana bi ta hanyoyin. Wannan kam ya murɗa mini mara kamar ciwon al'ada mai tsanani, amma na ƴan mintoci ne. A hoton, ɗakin da ya kamata ya fito mai kusurwa uku ya karkace, kuma a tsakiyarsa akwai wani gurbi da ruwan ya kewaye bai shiga ba. Likitan ya sa biro a wurin ya ce, "Ga mai zubar miki da jini." Hanyar ƙwai ta dama a buɗe take, ta hagu ba ta fito sosai ba. Ya ce akwai wata dabarar kuma da ake zuba ruwan gishiri cikin mahaifa a duba da eko, ko a zura ƴar kyamara a gani ido da ido, amma tun da muna son sanin lafiyar hanyoyin ƙwai, wannan ya fi dacewa da ni.

Na biyun shi ne IRM, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, kuma shi ya ci kuɗi. Na kwashe adashena, muka sayar da tumaki biyu, Yaya ta cika sauran ba tare da na roƙe ta ba. Kafin ranar aka auna lafiyar ƙodata saboda allurar da za a yi mini a jijiya. Aka yi ta jero mini tambayoyi: ko an taɓa sa mini ƙarfe a jiki, ko ina da na'urar bugun zuciya, ko ina tsoron wuri matsattse. Na'urar ƙaton maganaɗisu ce, duk wani ƙarfe sai an bar shi a waje. Na cire ƴan kunne, na cire zobe da abin ɗaure gashi. Ma'aikaciyar ta ce, "Babu sauran komai a jikinki?" Sai na tuna da layar Inna, wadda shekara uku ba ta bar ƙuguna ba. Na kwance ta da hannuna na miƙa wa Yaya. Ban sake ɗaura ta ba.

Aka kwantar da ni kan wani siririn gado, aka ɗora mini wani faifai a mara, aka toshe mini kunne, aka ba ni wata ƴar roba a hannu aka ce in matsa idan na kasa jurewa. Gadon ya shige da ni cikin rami. Ba zan ɓoye ba, kabari na tuna. Sai ƙara ta fara, wani lokaci kamar injin niƙa, wani lokaci kamar maƙera sun haɗu kan uwar maƙera ɗaya. An ce kar in motsa ko kaɗan, don motsi yana ɓata hoton. Na rufe ido na kama salati ina ƙirgawa da zuciya, har kusan minti arba'in suka wuce. Babu zafi, babu abin da ya taɓa ni. Maganaɗisun da igiyar rediyo ne ke aiki da ruwan da ke cikin naman jiki, kuma da yake kowane irin nama da yawan ruwansa, kowanne sai ya fito da nasa launi.

Da likitan ya jera hotunan a jikin fitila, sai na ga cikina an yanka shi fella-fella kamar kabewa, ta tsaye da ta kwance. Wannan karon ko ni na gane abin da nake gani. Ba uku ba ne, bakwai ne. Babban yana bangon gaba ya danne mafitsara har ta baje, ga dalilin tashina sau huɗu cikin dare. Wani mai wuya yana ta baya ya jingina da hanji, ga dalilin wahalar bayan gida. Wanda ke cikin ɗakin kuwa bai kai santimita 3 ba, shi ne ya kusa ƙarar da jinina. Duk abin da na sha wahalarsa shekara uku, sai ga shi da mazauninsa ana nuna mini da biro.

Na yi ƙarfin hali na yi tambayar da ke cina: "Dokta, ba ciwon kansa ba ne?" Bai yi saurin cewa a'a ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce akwai wani mugun ƙari da ke fitowa daga wannan tsokar, sunansa sarkom, amma ba kasafai ake samun shi ba, kuma ya fi zuwa ga matan da suka manyanta. Ya nuna mini cewa nawa duk sun fito baƙi-baƙi da iyaka tsaf kamar an zana, alamar fibrom na yau da kullum ke nan. Mugun yakan fito da gefe a yamutse, cikinsa da alamun jini da ruɓewa. Amma ya ce babu hoton da zai iya rantsuwa a kan wannan, sai an ciro naman an kai ɗakin bincike an duba shi da madubin likita.

Ranar aiki na sa hannu a takardar da ta ce idan jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar gaba ɗaya don a ceci raina. Maigida da babban ɗan Yaya suka ba da jini aka ajiye. Na farka da yamma, abin da na fara tambaya ke nan, Yaya ta sunkuyo ta ce, "Tana nan, Auta, ba a cire ba." Bakwai ɗin nan cif aka ciro, kowanne a inda hoton ya ce yake. Bayan mako biyar sakamakon bincike ya fito, babu kansa. Aka ce in jira watanni kafin in nemi ciki, idan Allah ya kawo mai yiwuwa ta hanyar aiki zan haihu, kuma fibrom yana iya sake tsirowa, don haka in riƙa zuwa eko.

Da na samu sauƙi na yi ta karance-karance kan abin, halin malaman makaranta. Na tarar cewa likitan matan da ya fara amfani da eko a wannan fanni, Ian Donald na birnin Gilasgo a Sikotland, rahoton da ya wallafa a 1958 kan ƙulluwan da ke fitowa a ciki ne. Wato tun asali don rarrabe irin abin da ke cikina aka fara aikin, amma mu a nan mun ɗauke shi na masu juna biyu kaɗai, wadda ba ta da tabbacin ciki ba ta ganin ya shafe ta. Abin yana mini ciwo idan na tuna na'urar tana cikin garinmu duk tsawon shekarun nan, tafiyar minti goma a kan babur. Da na je tun shekarar farko, wataƙila da ƙarin bai kai haka ba, da ban faɗi gaban ɗalibaina ba.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Al'adata ta koma kwana biyar, awon jinina ya kai 12, na daina sha'awar alli. Ciki bai zo ba tukuna. A ekon da na yi watan jiya an ga wani ɗan ƙarami, bai kai santimita 2 ba, a bangon baya, likitar ta ce a sa masa ido kawai.

Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba tun ranar da ta shiga ɗaki, sai wata ranar Juma'a da ta zo ta ce in ɗauko mata hotunan Yamai. Ta fita da su bakin ƙofa, ta ɗaga babban faifan saitin rana, na tsaya kusa da ita ina nuna mata. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa har bakwai. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "Ɗiyar ƙanwata ta Ilela, shekara biyu ke nan nata ya kwanta. Wace rana likitar taki take zama?" Na ce Litinin da Alhamis. Ta ce in tanadi gorar ruwa, ran Alhamis za ta zo da ita.